Masu shuka tumatir a roba, ku duba saiwa

Salam yan uwa, barkanmu da warhaka. Wato bara na shuka tumatir a robar man gyaɗa ƴar lita 4 a bayan gidanmu nan Jos, ruwa safe da yamma, ga kashin kaji, amma abu ya ƙi girma, ganyen ƙasa sai yin ɗorawa yake, fure yana zuba, ni kuma ina ta zargin sanyi.

Ranar da na kife robar sai ga saiwa ta naɗe kamar gammo, ƙasar ma kusan babu. Ashe in saiwa ta rasa wurin miƙewa ruwa da taki ba sa isarta, sai shukar ta tsuke ƴan ƙofofin ganyenta don kar ta bushe, abincin da take haɗawa da hasken rana ya ragu, shi ya sa take tsumburewa.

Ku nemi bokitin fenti mai lita 20 ko buhun siminti, ku huda ƙasansa, ɗaya ɗaya za ku sa, kar a cusa uku. In za ku dasa ku ɗan warware saiwar da yatsa, da yamma, sannan ku ba ta ruwa sosai. Attaruhu ma haka ne.