Ku masu kafa gari a zauren WhatsApp, ga inda kuke ɓata shi

Kusan kullum sai an jefa ni cikin sabon zaure: samari daga Sabon Gari ko Garin Malam a nan Zinder sun ƙirƙiro garin wasa, inda kowa ke taka rawar wani mutum a cikin labari, sun raba sarautu, sun jero dokoki. Kafin wata ya mutu zauren ya zama kufai. Na gaji da nanata magana ɗaya a fada wurin shayi, shi ya sa na rubuta.

Babban kuskurenku shi ne cakuɗa dokar zaure da dokar gari. Dokar zaure ta mutanen gaske ce: ba zagin iyaye, ba hoton batsa, ba rigimar siyasa ko ta aƙida. Wanda ya taka ta, a fitar da shi. Dokar gari kuwa ta mutanen cikin labari ce, kuma an kafa ta ne domin a samu mai karya ta. In ɓarawon wasa ya fasa shago, dogari ya bi sawu, alƙali ya yi shari'a, ƴan gari su sami abin tsegumi. Manyan zaurukan wasan kwamfuta na GTA V da ke kan FiveM (manhajar da ke haɗa ƴan wasa a gari ɗaya), irin su NoPixel, haka suke yi: laifin cikin gari ƴan sandan wasa ke hukunta shi, kora kuma sai ga wanda ya ɓata wasan kansa.

Cakuɗa dokokin nan biyu ne ya ci mana gari sukutum, mai kasuwa da kurkuku da tashar kabu-kabu. Akwai wani yaro da ke taka ɓarawo, kowa na jiran dare don ganin abin da zai aikata. Ranar da ya sace shanun Alhajin gari, ashe Alhajin shi ne admin. Ko sammaci bai kai ba, ya danna masa kora. Washegari dogarai ba aikin yi, alƙali na hamma, mutane suka dinga sulalewa. Haba malam! Shanun ƙarya ne fa, ko nono ba a tatsa. In zuciyarka ba ta iya ɗaukar asarar wasa, me ya kai ka kafa gari? Tun daga nan, duk zauren da nake ciki, mai riƙe da admin ba ya mallakar dukiya ko sarauta a cikin labari. Wasu na cewa na tsananta. Su suka sani.

Kuskure na biyu shi ne kwafo dokokin Los Santos, garin cikin wasan GTA V: lauya, beli, karanta wa wanda aka kama haƙƙinsa, alhali ku goma sha ne a zauren. Ga tsari a ƙofar gidanku. Damagaram ta zauna da sarki, alƙali, dogarai da masu unguwa. Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, fatake kuma suka sauka a Zango. Gari mai ƙofa da ake rufewa da dare, da unguwar baƙi a waje, ya fi kowace kotun Amurka haifar da rigima mai daɗi.

Sauran ƙanana ne. Doka ta wuce abin da mutum zai karanta a fuskar waya ɗaya, ba mai karanta ta. Kada a ɗaure ɗan wasa sati guda, kwana ɗaya ya isa, in ba haka ba zai koma wani zaure. Abin da ka ji a fada wurin shayi, mutuminka na cikin labari bai ji shi ba, kada ya yi aiki da shi. Tara ta yi daidai da samun gari: in albashin dogari jaka biyar ne, kada a ci shi miliyan.

Kuma ku daina hukunta wanda ya ɓace a tsakiyar shari'a. A Zinder muke, wuta na ɗaukewa, rezo na guduwa. Ni nakan ɗage zaman zuwa bayan isha'i ta gobe, in bai zo ba sannan a yanke a bayan idonsa.