Auna yininka da gwangwani uku

Ni tela ne a Aboabo, Kumasi. A da ina kan keke har bayan Isha'i, sai da bayana ya riƙe.

Ɗan'uwa, nemi gwangwanin madara uku: na aiki, na hutu da barci, na nishaɗi. Bayan kowace salla ka jefa ƙwayar masara ɗaya a madadin kowace awa da ta wuce, a cikin gwangwanin abin da ka yi a awar. Zaman mota zuwa kasuwar Kejetia sayen yadi aiki ne, kada ka kira shi hutu. Latsa waya a kan katifa ma ba barci ba ne. Shayi da abokai ko kallon wasan ƙwallon ƙungiyar Kotoko, wannan nishaɗi ne.

Da asuba ka ƙirga. In barcinka bai kai awa 7 ba, ranar ka rufe shago da Magariba, ko da ɗinkin Salla ya taru.