Kumbon kwali: kurakuran da na gaji da gani

Duk wanda ya kalli tsofaffin shirye-shiryen talabijin na sararin samaniya sai ya ɗauko kwali da gam ya haɗa kumbo, ya ɗauka da waya, ya turo min wai "yaya duba min, me ya sa bai yi kama da na gaske ba?" Kuma kullum ciwon ɗaya ne.

Babban cikin kurakuran gudun kyamara. Ƙaramin abu saurin faɗuwa yake, wutarsa ma saurin ci take, ido kuma ba wawa ba ne, nan take zai gane abun wasa ne. Derek Meddings da ya yi wa shirin talabijin na Thunderbirds dabarun hoto a Ingila a 1965, kyamara mai gudu sosai yake sakawa, ta ɗauki hotuna da yawa a sakan ɗaya, in aka dawo aka haska a gudun da aka saba, hoto 24 a sakan, sai hayaƙi ya riƙa tashi a hankali, abu ya yi nauyi. Lissafin ba wuya, in kumbonka kashi ɗaya cikin 25 ne na girman da kake nufi, nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 25, ita ce 5, sai ka ninka 24 sau 5, wato hoto 120 a sakan, kuma wayoyi da yawa yanzu suna yin 120 har 240, amma ku ba kwa ko buɗe saitin! Ni wannan abun ya ci min kumbo guda da na sha wahalar haɗawa, na cinna mai wuta a gudun da aka saba, da na kalla sai ka ce ƙyasta ashana aka yi, ga shi ya riga ya zama toka. Ka ƙara fitila kuma, don gudun nan haske yake sha.

Sai tsafta. Haba jama'a, kumbon da ya keta sararin samaniya shi ne zai fito fes yana ƙyalli? Su Meddings ɓata nasu suke da gangan, su liƙa musu ƙananan tarkacen roba don ido ya samu abun kamawa. Ni garin gawayi nake gogawa da tsohon buroshin haƙori, musamman bakin injin da layin ƙofofi, in fasa mataccen rediyo in kwashi kayan cikinsa in manna. Wasu fenti suke fesawa, ni ban yarda da shi ba, ɗaya yake fitowa ko'ina.

Zaren da ka rataye shi, shafa mai kalar bango. Fitila ɗaya mai ƙarfi daga gefe ta isa, baƙin ƙyalle a baya, ban da kwan ɗaki.

Kuma dan Allah a daina ɓata lokaci kan gefen da kyamara ba za ta gani ba. Kumbon Enterprise da aka haɗa don ɗaukar shirin Star Trek ɗin 1966, wanda Matt Jefferies ya zana, tsawonsa ƙafa 11 ne amma gefen hagunsa ba a gama shi ba, ta nan wayoyin lantarki ke fita, ta dama kawai ake ɗaukarsa. Yana nan a gidan tarihin Smithsonian a Washington. In za ka ɗauki darasi ɗauki na girman, kumbon da bai wuce tafin hannu ba ko me ka shafa mai ba zai ruɗi kowa ba.