Manhajar Gayya: Kurakuran da ke Kashe Aikin Haɗin Gwiwa

Aikin buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kod ɗinta (rubutun umarnin da aka gina ta da shi) ke a fili kowa na iya gani ya kawo gyara, gayya ce, kowa da fartanyarsa. Amma na ga ayyuka da dama a nan Kaduna da matasa suka faro da zafi, a Barnawa ko a ɗakunan ɗalibai na Tudun Wada, ba su kai shekara ba suka mutu. Basira akwai ta. Abin da babu shi ne sanin wa ke riƙe da me.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tara makullai duka a hannun mutum ɗaya. Ma'ajiyar kod tana ƙarƙashin asusunsa na GitHub (dandalin ajiye kod a intanet), da katinsa ake biyan kuɗin shafi, kalmar sirrin saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) a kansa kaɗai take. Ranar da aka tura shi bautar ƙasa, ko aka ƙwace masa waya a hanyar Kawo, sai gyare-gyaren mutane su yi ta taruwa babu mai ikon haɗa su. Kada a ɗauka ciwon ƙananan ayyuka ne. XZ Utils, manhajar matse fayil da ke cikin galibin nau'o'in Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), ta daɗe a wuyan Lasse Collin shi kaɗai har ya jigata. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya yi wajen shekara biyu yana kawo gudummawa har aka ba shi iko, sai ya dasa ƙofar ɓoye ta kutsawa kwamfutocin mutane a cikinta. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya bankaɗo ta, bayan ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, tana ɗan jan ƙafa. Gajiyar mutum ɗaya ce ta ba ɓarawo hanya.

Gyaran ba shi da wuya. A mayar da ma'ajiyar asusun ƙungiya, a ba mutum biyu ko uku cikakken iko, waɗanda aka san aikinsu aka kuma san su, tun kafin gajiya ta sa a miƙa wa duk wanda ya miƙo hannu. Sannan kada gyaran kowa ya shiga sai wani ya duba, har na wanda ya kafa aikin.

Akwai kuma masu faɗawa ɗaya ramin, su ce aikin na kowa ne. Sai a kawo rahoton matsala ya yi wata uku, kowa na zaton wani zai ɗauka. Ko wani ya ce "ku bar mini wannan", shi ke nan ya yi ɓatan dabo. Mu kuma kunya ta yi mana yawa. Wa zai iya ce wa na gaba da shi, "Yaya, ka saki aikin nan"? Shi ya sa nake son ƙa'ida a rubuce: wanda ya ɗauki aiki ya yi mako biyu shiru, za a tuntuɓe shi sau ɗaya, daga nan aikin ya koma kasuwa. Ƙa'ida ce ta yi magana, zumunci bai taɓu ba. Fayil ɗin CODEOWNERS kuma zai nuna mai kula da kowane sashe, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shawarar da aka yanke a wurin mai shayi ko a WhatsApp, a kwashe ta a rubuta a ma'ajiya. Ɗan'uwa da ke Zariya bai ji ta ba.

Lasisi kuwa, wato rubutaccen izinin yadda za a yi amfani da kod, shi mutane ke ɗagawa zuwa gobe. Kod ɗin da ba shi da lasisi, ko yana fili, haƙƙinsa na marubucinsa ne, ba a ba kowa izinin amfani da shi ba. Kuma kowane mai gudummawa yana da haƙƙin abin da ya rubuta, don haka sauya lasisi daga baya kan buƙaci yardarsu ɗaya bayan ɗaya. Lasisin MIT ya bar kowa ya ɗauka har ya rufe nasa ya sayar. Lasisin GPL ya wajabta wa mai rarraba abin da ya gina a kai ya buɗe shi. Ku zaɓa tun kuna ku biyu, kafin tallafi ya shigo a fara kallon-kallo.

Ina kuma jin zafin yadda ake mantawa da wadda ta fassara manhajar zuwa Hausa, da wanda ya ƙona datarsa yana gwaji a ƙaramar waya. A sa sunayensu a jerin masu aiki, a ba su ƙuri'a.

Ga wanda ya kafa aikin kuma: Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, harshen rubuta manhaja, ya sauka daga jagorancinsa a 2018, aka zaɓi majalisar mutum biyar a 2019, aiki ya ci gaba. Rubuta yadda za a gaje ka tun kana kan kujera, ka fara da miƙa sashe ɗaya a wannan watan.