Yadda Ake Tara Tsofaffin Agogunan Hannu Masu Daraja Ba Tare Da An Yi Maka Sakiyar Da Ba Ruwa Ba

A watan Oktoban 2017 gidan gwanjo na Phillips ya sayar da wani agogon hannu a birnin New York a kan dala miliyan 17 da dubu 750 da 'yan kai. Rolex Daytona ne na Paul Newman, ɗan wasan fim na Amurka. Ba zinare ba ne, babu lu'ulu'u ko ƙwaya ɗaya a jikinsa, ƙarfe ne zalla. A Nuwamban 2021 kuma aka yi gwanjon wani Omega Speedmaster da aka ce na 1957 ne a birnin Jeniba, ya tashi sama da faran miliyan 3 na kuɗin Siwizalan. Kamfanin Omega da kansa ya saya. Sai a 2023 magana ta fito cewa agogon haɗe-haɗe ne, an tattaro sassansa daga agoguna daban-daban. To idan masu ƙera abu za su sayi haɗin gambizarsa da miliyoyi, ni da kai sai mu yi taka-tsantsan.

Abin da ake biya a tsohon agogo shi ne kasancewarsa yadda ya fito daga masana'anta, da tsufansa na gaskiya. Ƙyalli ba ya cikin lissafi, sau da yawa ma shi ke karya farashi. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Mataki na farko: kama layi ɗaya

Kada ka fara da Rolex ko Patek Philippe ko da kana da kuɗin, domin a nan jabu ya fi yawa, a nan kuma kuskure ya fi ciwo. Ka zaɓi kamfani ɗaya da zamani ɗaya. Omega Seamaster na shekarun 1950 da 1960, ko Longines na wannan lokaci, ko tsofaffin Seiko, duk makaranta ce mai sauƙin kuɗi. An ƙera su da yawa, hotunansu na asali suna ko'ina, kayan gyaransu ba su ɓace ba.

Yana da kyau ka san dalilin da ya sa masu tarawa suka fi ɗokin abin da aka yi kafin 1970. A ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ta fito da Astron, agogon hannu na farko mai batir irin na quartz da aka sa a kasuwa. Cikin shekaru kaɗan agogon batir ya yi araha, ya kuma fi na inji riƙe lokaci. Ma'aikatan agogo a Siwizalan suka ragu daga kusan 90,000 zuwa kimanin 30,000, kamfanoni da dama suka rufe, aka watsar da injina da kayan gyara. Mutane suka jefa agogunansu na inji a durowa. Waɗanda suka tsira lafiya su ne ake rububi yanzu.

Ka fara leƙa gida tukuna. Alhazanmu sun daɗe suna dawowa da Seiko 5 da Rado a cikin tsarabar Makka, wasu na nan kwance a adakar kaka. Yawancinsu ba za su yi kuɗin azo-a-gani ba, amma a kansu za ka koyi kallon fuska da jin ƙarar inji ba tare da ka yi asara ba.

Mataki na biyu: haddace lambobi

Kowane agogon kirki yana da lamba iri uku: lambar samfuri, lambar jeri wadda ke nuna shekarar ƙira, da lambar inji. A tsohon Rolex sai an cire sarƙa ake ganinsu. Lambar samfuri tana tsakanin ƙahonin da ke riƙe madauri ta wajen ƙarfe 12, lambar jeri ta wajen ƙarfe 6. A tsohon Omega lambar jeri tana jikin inji, ta samfuri kuma a cikin murfin baya.

Dole lambobin nan su yi magana ɗaya. Speedmaster ya fito a 1957 da inji mai lamba 321, aka sauya zuwa 861 a 1968. Wanda ya nuna maka Speedmaster ya ce na 1965 ne, shekarar da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta amince da shi don 'yan sama jannatinta, ka buɗe ka ga 861, ko labarin ƙarya ne ko injin aro. Haka wanda ya ce yana da Daytona na shekarun 1950, alhali sai 1963 aka fara yin sa.

Mataki na uku: fuska

Nan ne kuɗin yake, nan ma za ka fi daɗewa. Agogo biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, mai fuskar asali yana iya ninka wanda aka yi wa sabon fenti sau da yawa. Ka sayi madubin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu sayar da gwal, da 'yar tocila mai shuɗin hasken nan da ake duba jabun kuɗi da ita.

Fara da rubutu. Na masana'anta siriri ne, bakinsa kaifi, haruffan suna da 'yan ƙafafu masu kyau. Na mai fenti yakan yi kauri, ya ɗan malale, tazarar haruffa ta ƙi daidaita. Duba ɗigon minti ko sun hau daidai kan alamomin awa. Duba can ƙasa, ƙarƙashin ƙarfe 6, inda aka rubuta SWISS ko SWISS MADE, masu fenti sukan manta da shi ko su karkata shi. Kasuwar intanet cike take da tsofaffin agoguna daga Indiya masu fuska ja ko kore shar, fes kamar yau aka yi su, ga araha. Kyan ɗan maciji ne.

Sai maganin da ke sa agogo haske cikin duhu. Har farkon shekarun 1960 ana amfani da sinadarin radiyam. Daga nan aka koma tiritiyam, shi ya sa za ka ga T SWISS T ko SWISS T<25 a ƙasan fuska, har zuwa wajen 1998. Ƙarfin tiritiyam yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, don haka na shekarun 1960 ya daɗe da mutuwa. Haska masa tocilarka: zai ɗan amsa, kana kashewa ya dushe nan da nan. In ka ga hannayen agogo suna ci gaba da walwali kore a duhu alhali fuska ta ce T, an sauya su. Launi ma shaida ne. Ɗigon da ke fuska da maganin da ke cikin hannaye tare suka tsufa, ya kamata su yi ruwan madara ko ruwan ƙasa iri ɗaya. Fuska rawaya da hannaye farare tas ba su tashi gida ɗaya ba.

Radiyam kuwa ba ya mutuwa a tsawon rayuwar ɗan Adam, rabinsa sai shekara 1,600. Kada ka buɗe irin wannan agogo da kanka, ƙurar ita ce haɗarin idan aka shaƙa.

Akwai wani abin dariya a harkar nan. Baƙar fuskar da rana da zafi suka koɗar ta koma ruwan goro, wadda mu za mu ce ta lalace, Turawa sun yi mata suna da fuskar ƙasashe masu zafi, suna biyan ƙari a kanta. Amma sai koɗewar ta bi ko'ina sumul. Tabon ruwa da tsatsa lalacewa ce kawai, komai sunan da dillali ya laƙaba mata.

Ni a nan na ci karo da bango. Agogon mahaifina na kai wa wani mai gyara don ya daina tsayawa. Bayan sati ya miƙo mini shi yana murmushi, ya ce: "Alhaji, na mayar maka da shi sabo dal." Ya goge gidan har kana ganin fuskarka, ya sa sababbin hannaye, tsofaffin ya share su cikin shara. Da zuciya ɗaya ya yi, har kuɗin gugar bai karɓa ba. Na yi godiya na fito, abin yana cina har yau.

Mataki na huɗu: gida da madauri

Guga tana cin ƙarfe, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Riƙe agogon ta gefe ka kalli ƙahoni huɗun nan. In kaurinsu ɗaya ne, gefunansu da kaifi, an bar shi lafiya. In sun yi sulɓi kamar sabulun da aka jima ana wanka da shi, injin guga ya sha wucewa. Ƙujewa kaɗan ba laifi ba ce.

In an ce zinare ne, nemi hatimi. 750 na nufin karat 18, 585 karat 14, 375 karat 9. Tsofaffin na Siwizalan masu karat 18 suna ɗauke da ɗan ƙaramin tambarin kan mace, Helvetia, kafin a sauya shi da kan kare a 1995. Mai ruwan zinare kuwa yakan tone a gefuna, murfin bayansa galibi ƙarfe ne. Gilashin roba da madaurin fata kayan sauyawa ne, kada su hana ka ciniki. Kuma kada ƙanƙantar agogon ta ba ka mamaki, na maza a wancan zamani faɗin milimita 34 zuwa 36 ne.

Mataki na biyar: a buɗe baya

Mai sayarwar da ya ƙi nuna maka inji, kai ma ka ƙi nuna masa kuɗi. Kana neman sunan kamfani da lambar inji, kana duba tsatsa, da kan kusoshi ko sukundireba ta tattauna su, da ko wani sashe ya bambanta launi da 'yan uwansa. Yi masa wani a hankali ka ji ko yana tafiya sumul. Mai gyara na ƙwarai yana da na'urar auna bugun agogo, cikin minti biyu za ta faɗi daƙiƙa nawa yake ƙarawa ko ragewa a yini. Tsohon agogon da ke kuskuren daƙiƙa 20 ko 30 a rana bai yi laifi ba.

Mataki na shida: wa ke sayarwa, nawa kuma za ka biya a gaskiya

Manyan gidajen gwanjo su ne Phillips, Christie's, Sotheby's da Antiquorum. Kundayen gwanjonsu na baya suna intanet kyauta, da hotuna da farashin da aka sayar, babu makarantar da ta fi su. Sai dai in za ka taya, ka sani akwai la'adar gida a kan farashin da aka buga, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ga kuɗin aikowa, ga inshora, ga kwastan. Kasuwar agogo ta intanet Chrono24 ta Jamus tana riƙe kuɗinka har kaya su iso hannunka, kada ka yarda wani ya ja ka gefe ku ƙarasa ciniki ta WhatsApp don ragin da ya yi maka alkawari.

Kwali da takardun asali suna ƙara daraja, amma su ma ana buga na bogi, ana kuma sayar da tsofaffin kwalaye daban. Agogo ne zai gaskata takarda. Patek Philippe da Longines sukan duba kundin tarihinsu su ba da bayanin agogo ta lambarsa, Rolex ba ta yin haka. Kafin ka biya kuɗi mai nauyi, a bincika lambar jeri a The Watch Register, rajistar agogunan sata da ke Landan. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambobin, da sharaɗin mayarwa a rubuce.

Game da riba kuwa, ra'ayina shi ne kada ka sa kuɗin da za ka buƙata baɗi. Farashin agoguna ya yi tashin gwauron zabi har farkon 2022, sannan ya sauko, waɗanda suka shiga a ƙurarren lokaci suka kwana ciki. Saya kuma ya fi sayarwa sauƙi.

Mataki na bakwai: bayan ya zo hannu

Ɗauka cewa ba ya jure ruwa, ko da an rubuta mita 200 a fuskarsa, robobin da ke toshe shi sun tsufa. Cire shi kafin alwala. Kada ka ajiye shi kan lasifika ko kusa da maganaɗisun jakar waya, zai kama gudu. Cire shi daga hannu kafin ka yi masa wani, da ka ji ya tsaya ka tsaya. Kada ka sauya kwanan wata tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran injin suna cikin aikin juya shi. Ƙurar hunturu da laimar damina duka abokan gaba ne, akwati mai rufi da 'yan ƙunshin shanye laima sun wadatar.

Duk bayan shekara biyar ko makamancin haka yana son wanki da sabon mai. Ranar da za ka kai shi, ɗauki hotonsa gaba da baya da ciki, sannan ka rubuta wa mai gyara a takarda, ka kuma maimaita masa da baki: ban da guga, ban da taɓa fuska, ban da sauya hannaye, duk abin da ya zama dole a cire a ƙunsa a dawo maka da shi. Ko kamfanin da ya ƙera agogon za ka aika wa, ka faɗa musu haka, domin al'adarsu ce su sa sabon sashe a madadin tsoho, kuma ba kullum suke dawo da wanda suka cire ba.