Yadda Ake Auna Ƙarancin Jini da Sinadarin Ƙarfe a Unguwannin Jos

Kallon yaro da ido ba ya isa a gane abin da jikinsa ya rasa, domin yana iya zama ɓul-ɓul alhali jininsa ya yi ƙasa. Shi ya sa ma'aikacin lafiya da zai shiga unguwa, a cikin Jos ko Bukuru, yake dogara da alamomin da ake aunawa a jini da fitsari.

Bayan an nemi yardar uwa, an kuma bayyana mata cewa ɗigo kawai za a ɗiba, sai a fara da auna himoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar shaƙa a cikin jini. Da hunturu yatsun yara a Jos sukan yi sanyi ƙarara har jini ya ƙi fita, saboda haka a ɗumama hannun tukuna, a goge yatsa da sifirit, a bari ya bushe, sannan a huda. A share ɗigon farko, kuma kada a matse yatsa, domin matsi yana cakuɗa jini da ruwan tsoka, sakamakon ya sauka ba gaira ba dalili. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, macen da ba ta da ciki tana da ƙarancin jini idan himoglobin ɗinta ya gaza giram 12 a desilita, namiji kuma giram 13.

Sai dai Jos tana bisa tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, inda jiki yake ƙara himoglobin saboda iskar shaƙa ba ta kai ta gangare ba. Dole a rage wani abu daga sakamakon bisa jadawalin hukumar, in ba haka ba a sallami mai ƙarancin jini a matsayin lafiyayye. A ganina nan ne aka fi yin sakaci.

Himoglobin ba ya faɗin musabbabi, domin sikila da tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro duk suna saukar da shi. Feritin, wani sinadari da ake aunawa a jini, shi ne yake nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, kuma ƙasa da maikrogiram 12 a lita ga yaron da bai kai shekara 5 ba ƙaranci ne. Amma zazzaɓi yana ɗaga feritin, don haka a haɗa da gwajin CRP, mai nuna ko akwai ciwo ko kumburi a jiki, da na maleriya, kuma idan akwai alamar ciwo a jiki a mayar da iyakar feritin zuwa maikrogiram 30 a lita.

Aidin kuwa, wani sinadarin da jiki kan rasa, a fitsari ake dubawa, ba don a yanke wa mutum ɗaya hukunci ba, sai don a san halin jama'ar unguwa. Tsaka-tsakin sakamakon 'yan makaranta ake so ya kasance tsakanin maikrogiram 100 da 199 a lita.