Yadda za ka karanta tarihin gasannin shaɗaranji na farko ba tare da ka ruɗi kanka ba

Wanda ya buɗe jadawalin sakamakon wata tsohuwar gasar shaɗaranji, wasan da Turawa ke kira chess, zai iya ɗauka cewa abin da ke gabansa daidai yake da na yau: sunaye a jere, maki a gefe, zakara a sama. Amma agogon da ke iyakance tunanin ɗan wasa, da rabin makin da ake bayarwa idan an yi canjaras, da tsarin da kowa ke karawa da kowa, babu ɗaya daga cikinsu da aka soma gasa da shi. Kowanne ya shigo ne daga baya domin magance wata matsala da ta taso a wata gasa takamaimiya. Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ita ce ka bi gasannin ɗaya bayan ɗaya, kana tambayar da wace doka aka buga kowacce, kafin ka yanke hukunci a kan wanda ya fi wani.

Ka soma da rarrabe karawa da gasa, domin a nan ne yawancin ruɗani yake. Karawa ita ce mutum biyu su zauna su yi ta bugawa har ɗaya ya kai adadin nasarorin da aka yi yarjejeniya a kai, kuma wannan tsohon abu ne ƙwarai. A fadar Abbasiyawa, al-Adli da ar-Razi sun buga a gaban Halifa al-Mutawakkil, wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861, daga baya kuma as-Suli ya yi fice a fadar al-Muktafi. Sai dai wasan da suka buga ba shi ne namu ba. 'Yar wasan da muke kira sarauniya a yau gida ɗaya tak take takawa a karkace, giwa kuma, wadda Turawa ke kira bishop, tsallen gida biyu take yi, kuma sai wajen shekarar 1475 aka ƙara musu ƙarfi a ƙasar Sifen har wasan ya ɗauki saurin da muka san shi da shi. Za ka kuma ci karo da labarin fadar Sarki Philip na Biyu a Madrid, wajen 1575, inda Leonardo di Bona da Paolo Boi na Italiya suka kara da Ruy López da Alfonso Cerón na Sifen, Leonardo ya yi rinjaye. Marubuta da yawa suna kiran wannan gasar ƙasa da ƙasa ta farko, ni kuwa ina ganin ya fi kama da jerin karawa a gaban sarki mai kyauta, domin babu gayyata ta kowa da kowa, babu rubutacciyar ƙa'idar da ta tsara wanda zai haɗu da wane. Haka nan wasanni 85 da La Bourdonnais na Faransa da McDonnell na Ireland suka buga a Landan a 1834, da karawar da Howard Staunton ya doke Saint-Amant a Faris a 1843, duka karawa ce, ko da yake su ne suka share fagen abin da ya biyo baya.

Daga nan sai ka tare a Landan ta 1851, ka daɗe a can, domin ita ce gasar ƙasa da ƙasa ta farko a ma'anar da muke nufi yanzu. An yi ƙananan gasanni kafin ta, kamar ta Leeds a 1841 da wadda Henry Thomas Buckle ya lashe a Landan a 1849, amma waɗannan na cikin gida ne. Staunton, wanda a lokacin ake yi wa kallon gwanin gwanayen Turai, ya lura cewa babban baje kolin duniya da za a yi a Landan a wannan shekara zai jawo baƙi daga ko'ina, sai ya shirya gasar ta zo daidai da shi, a ƙarƙashin kulob ɗin St George. Kulob ɗin da ke hamayya da su a birnin ya ƙaurace, wasu gwanayen da aka gayyata ba su samu zuwa ba, ɗan Rasha Jaenisch kuma ya iso bayan an riga an soma. A ƙarshe mutum 16 suka zauna, aka buga daga ƙarshen watan Mayu zuwa tsakiyar Yuli.

Abin da za ka fi sa wa ido a wannan gasa shi ne tsarinta. Sili ɗaya ƙwale aka yi, kuma da ƙuri'a aka haɗa 'yan wasa, ba tare da an ware manya don kada su haɗu da wuri ba. A zagayen farko wanda ya riga cin wasa biyu ya wuce, a sauran zagayen kuma sai an ci huɗu, canjaras kuwa ba a lissafa shi. Ka ɗauki takarda ka zana bishiyar gasar da hannunka, nan da nan za ka ga ɓarnar da ƙuri'a ta yi: Lionel Kieseritzky, ɗaya daga cikin waɗanda ake tsoro, ya faɗa hannun Adolf Anderssen tun a zagayen farko, Johann Löwenthal shi ma a nan ya fita, József Szén na Hungary kuma ya haɗu da Anderssen a zagaye na biyu, don haka na biyar ya ƙare. Anderssen, malamin lissafi daga Breslau, ya doke Staunton da ci 4 da 1 a zagayen kusa da na ƙarshe, sannan ya doke Marmaduke Wyvill a wasan ƙarshe, ya karɓi fam 183 da sule 6 da kwabo 8. Idan ka ga Wyvill a matsayi na biyu, kada ka ce shi ne na biyu a duniya, ka ce hanyarsa ce ta fi sauƙi. Staunton kansa na huɗu ya zo, bayan Elijah Williams ya doke shi a neman matsayi na uku.

A nan akwai gargaɗi biyu. Na farko, babban tushen labarin wannan gasa shi ne littafin da Staunton ya wallafa a 1852, kuma mutumin da ya shirya gasa ya sha kaye a cikinta ba shaida ne marar ɓangare ba. Ya yi ƙorafin rashin lafiya da nauyin shirye-shirye, ya kuma yi wa wasu abokan karawarsa sharhi mai ɗaci, don haka ka karɓi wasannin da ya rubuta, ka auna hukuncinsa. Na biyu, shahararren wasan nan na Anderssen da Kieseritzky na 21 ga Yuni 1851, wanda ake wa laƙabi da wasan da ba ya mutuwa, ba a cikin gasar aka buga shi ba, wasan nishaɗi ne a gefe. Duk da haka ka jera 'ya'yanka a kan allo ka buga shi, domin babu abin da ya kai shi nuna halin 'yan wasan wancan zamani. Anderssen ya ba da giwa, ya ba da hasumiyoyinsa biyu, wato 'ya'yan da Turawa ke kira rook, a taku na 22 ya aza sarauniya a gidan f6 (harafi yana nuna layin tsaye na allo, lamba kuma layin kwance) inda doki zai ci ta, a taku na 23 kuma giwar da ta rage masa ta sauka a e7, sarkin Kieseritzky ya rasa mafita, alhali dakaru uku kacal Kieseritzky ya rasa a wasan gaba ɗaya.

Tun da zancen ya kai ga buga tsofaffin wasanni, sai ka koyi tsohon salon rubuta taku na Ingilishi idan kana son karanta littattafan asali. Ba su amfani da haruffa da lambobi irin e4. Kowane layi sunan babban ɗan da ke gindinsa yake ɗauka, kuma kowane ɗan wasa daga ɓangarensa yake ƙirga gidaje, ta yadda gidan da mai farare ke kira na huɗu a layin sarki, shi ne mai baƙaƙe ke kira na biyar. Ka kuma sani cewa a tsakiyar ƙarni na 19 ba dole ba ne mai farare ya soma, sai a ƙarshen ƙarnin wannan doka ta zauna.

Tambaya ta gaba da za ka yi wa kowace gasa ita ce ta lokaci. A 1851 babu iyaka, mutum yana iya zama a kan taku ɗaya har abokin karawarsa ya gaji, kuma Staunton ya yi kuka da jan ƙafar Williams. Haka abin ya kasance a New York a 1857, gasar sili ɗaya ƙwale ta mutum 16 wadda Paul Morphy ya lashe yana da shekara 20, inda jinkirin Louis Paulsen a wasan ƙarshe ya zama abin magana. Agogon rairayi, wato kwalbar da ake auna lokaci da zubar rairayin da ke cikinta, aka fara kawowa, a karawar Anderssen da Kolisch ta 1861, sannan a gasar Landan ta 1862. Agogon inji mai fuska biyu, wanda tsayawar ɗaya ke tayar da ɗaya, sai a Landan ta 1883 aka yi amfani da shi a babbar gasa, kuma Thomas Bright Wilson na Manchester ne ya ƙirƙiro shi. Idan kana kwatanta ingancin wasannin shekaru daban-daban, ka riƙa tuna cewa wani yana da yini guda na tunani, wani kuma rairayi na zuba a gabansa.

Ita wannan gasa ta 1862 tana da wani muhimmanci da ya fi na agogo, domin ita ce gasar ƙasa da ƙasa ta farko da kowa ya kara da kowa. Mutum 14 ne, Anderssen ya sake zama zakara, Paulsen ya bi masa, wani matashi daga Vienna mai suna Wilhelm Steinitz ya zo na shida. An magance zaluncin ƙuri'a, amma sai matsalar canjaras ta fito fili, kuma a nan ne za ka fi buƙatar natsuwa wajen karanta maki. A 1862 sake wasan ake yi har sai wani ya ci. A Faris a 1867, gasar da Kolisch ya lashe, canjaras bai ba kowa komai ba. A Dundee kuwa, a wannan shekarar dai, aka fara ba kowanne rabin maki, Gustav Neumann ya zo na ɗaya, Steinitz na biyu. Kada ka zaci daga nan kowa ya bi, domin a Landan ta 1883 ana sake canjaras na farko da na biyu, sai na uku ake raba maki, kuma a ƙarƙashin wannan doka ce Johannes Zukertort ya tara maki 22 cikin 26, ya ba Steinitz tazarar maki uku.

Ka kiyaye kuma kada ka ba zakaran gasa kambun da ba a ba shi ba. Nasarar 1851 ta sa an ɗauki Anderssen a matsayin wanda ya fi kowa, amma da karawa aka riƙa tantance wannan matsayi: Morphy ya doke shi a Faris a 1858 da ci 7 da 2, Steinitz ya doke shi a Landan a 1866 da ci 8 da 6, Anderssen kuma ya dawo ya sha gaban Steinitz a gasar Baden-Baden ta 1870, wadda yaƙin Faransa da Prussia ya ɓarke ana tsakiyar ta. Sakamakon 1883 ne ya sa gardamar wanda ya fi tsakanin Zukertort da Steinitz ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, har aka shirya musu karawa a Amurka a 1886, a New York da St. Louis da New Orleans, wadda ake ƙirgawa a matsayin ta farko ta neman kambun duniya. Steinitz ya ci wasa 10, ya faɗi 5, aka yi canjaras 5. Hukumar shaɗaranji ta duniya, FIDE, sai a 1924 aka kafa ta a Faris, don haka duk gasannin nan kulob-kulob da masu ba da gudummawa ne suka shirya su, kowa da dokokinsa.

Idan kana neman inda za ka ja layi a wannan nazari, ka tsaya a Hastings ta 1895, inda mutum 22 suka kara kowa da kowa, da agogo da rabin maki, Ba'amurke Harry Nelson Pillsbury kuma ya sha gaban Chigorin da Lasker da Tarrasch da Steinitz. Jadawalinta za ka iya karanta shi kai tsaye kamar na yau. Ka ajiye shi kusa da bishiyar 1851 da ka zana, ka bi sunan Henry Bird, wanda ya fita a zagayen farko a 1851 kuma ya sake zama a gaban allo a Hastings bayan shekara 44.